Buhun Tuka Daga Ƙasar Danja

Ɗan yayata ne ya ja ni wannan tafiya. Yana ajin ƙarshe a jami'a, fannin ƙananan halittu, kuma aikin kammala karatun da aka ba shi shi ne ya fitar da man itanol daga tukar rake. Da ya zo mini da maganar a hutun ƙarshen shekara, dariya na yi, na ce, "To ka bari sai yamma ka je bakin tasha wajen masu rake da tsintsiya. Ka cika buhunka, ka kuma yi wa gari shara." Ya ce, "A'a Kawu, wadda aka tauna ba za ta yi ba, duk yawu ne da ƙasa. Ta inji nake so, irin ta masu mazarƙwaila." Ni kuwa da ma akwai bashin ziyara a kaina a Malumfashi, sai na ce ya shirya mu jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Mun bar Zariya bayan sallar asuba, cikin watan Janairu, hunturu na busawa. Hazo ya rufe hanya har muka wuce Giwa, sai fitilun manyan motoci masu nufar Gusau da Sakkwato kake hangowa kamar garwashi a toka. Rana ba ta gama fitowa ba muka shiga Funtua, muka tsaya wajen wani mai shayi, da ƙosai mai zafi a takarda.

Funtua gari ne da auduga da jirgin ƙasa suka raina. Tsohuwar sarautar yankin ta Maska ce, shi ya sa har gobe hakimin garin Sarkin Maska ake kiransa. Da Turawa suka ja layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, sai kasuwa ta bi tasha, aka kafa injin gurzar auduga, baƙi suka yi ta kwararowa. Daga baya aka yi masaƙa, wadda ta daɗe tana numfashi bayan manyan masaƙun Kaduna sun rufe ƙofa. A 2024 kuma aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu. Yanzu masara da waken suya da shinkafa sun fi auduga cika ido a kasuwa, amma muna zaune sai ga wata mota ta wuce da ƙunshin auduga, iska na fizgar farin gashinta tana watsawa a kwalta.

Yaron ya tashi ya tsinto ɗan guntu, ya ɗora a kan teburin mai shayi. Ya ce, "Kawu, ka ga wannan? Kusan kashi 90 cikin ɗari nasa sukari ne, sai dai a ɗaure yake." Mai shayi ya dube shi, ya dubi gwangwanin sukarinsa, bai ce uffan ba.

Abin da yake nufi shi ne selulos, zaren da tsiro ke gina jikinsa da shi. Ka ɗauki carbi mai 'ya'ya dubbai, kowane ɗa ƙwayar gulukos ce, sukarin da ke yawo a jinin mutum. Sitacin da ke cikin tuwo ma irin wannan carbin ne, 'ya'yan iri ɗaya, ƙullin da ke tsakaninsu ne ya bambanta. Cikinmu ya san yadda zai kwance ƙullin sitaci, bai san na selulos ba. Shi ya sa mutum zai ƙoshi da tuwon masara, amma ya mutu da yunwa a cikin rumbun kara. Saniya kuwa tana da ƙananan halittu a tumbinta masu yi mata wannan kwancewar, haka ma gara, wadda ke cin azara kamar ana ba ta alkaki. Makamin da waɗannan halittu ke aiki da shi ana kiransa enzayim: sinadari ne da mai rai ke ƙerawa, kowane iri da ƙullin da ya iya kwancewa, kamar makulli da kwadonsa.

Labarin da ya ba ni a kan wannan tebur shi ne ya fi tsaya mini a rai cikin tafiyar, wataƙila don a garin auduga na ji shi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da ke tsibiran Solomon sun rasa gane abin da ke cinye musu tantuna da kaki na auduga. Aka kwashi ruɓaɓɓun tsummokaran aka kai ɗakin binciken soja da daga baya ya zauna a Natick, jihar Massachusetts. A can Elwyn Reese da Mary Mandels suka shafe shekaru suna nazarin wata koriyar fumfuna da aka samu a jiki, wadda aka sa wa suna Trichoderma reesei don girmama shi Reese ɗin. Da farko neman yadda za a kashe ta ake yi. Daga baya aka lura cewa abin da ke iya mayar da tanti gari zai iya mayar da kara sukari. Jikokin wannan fumfunar ne har yau manyan kamfanoni ke kiwo a tankuna suna tatsar enzayim, irin su Novozymes na ƙasar Danmak, wanda ya koma Novonesis a 2024. 'Yar kwalbar da yaron ya bari a firjin makaranta, wadda ya ce kuɗinta ya kusa cinye masa kuɗin abincin zango guda, daga irin wannan tsatso ta fito.

Daga Funtua zuwa Bakori ba nisa. Nan muka bar babbar hanya muka karkata ƙasar Danja. Direban da muka ɗauka shata ya gindaya mana sharaɗi ɗaya tun a tasha: duk inda za mu, la'asar ta same mu a cikin gari. Ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Mutanen Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara sun ga abin da suka gani a hannun 'yan bindiga a shekarun nan, kuma tsoro ba ya tsayawa a iyakar ƙaramar hukuma.

Tudu duk ya bushe, an girbe, sai kututturen kara. Amma da hanya ta gangara fadama sai ido ya huta: rake kore shar, ya fi mutum tsawo, ganyensa na kaɗawa da ƙara irin ta yayyafi. Kudancin Katsina ya fi arewacinta samun ruwa, kuma wannan ɗamara ta fadamu da ta taso daga Danja ta haɗe da Hunkuyi da Kudan da Maƙarfi a jihar Kaduna ita ce gidan rake da mazarƙwaila tun kaka da kakanni. Hanci ne ya kai mu inda muke nema. Ƙamshin ruwan rake a kan wuta ba ya ɓuya, wani abu ne tsakanin zuma da ƙonannen ƙanzo.

Wurin a gefen gona yake, ƙarƙashin wani mangwaro. Injin matsa na ƙarfe ne, an kafe shi a kan kututture, da doguwar sanda a kansa wadda aka ɗaura wa doki. Dokin na zagayawa, ya riga ya haƙa wa kansa da'ira a ƙasa da kofato, wani yaro na biye da shi da tsumagiya wadda ban ga ya ɗaga ba ko sau ɗaya. Wani saurayi na tsugune yana cusa rake biyu-biyu, uku-uku a tsakanin ƙarafan, yana sunkuyar da kai duk sanda sandar ta zo wucewa, ba tare da ya duba ba. Ruwa na tsiyaya ta ɗan kwararo zuwa cikin garwa, launinsa kore-kore mai duhu. Ta ɗaya gefen tuka ke fitowa a baje, fara, a tsage, wani ƙaramin yaro na kwasa da hannu biyu yana kaiwa fili yana shanyawa. A can gaba mun ji ƙarar wani injin mai amfani da fetur, amma wannan dattijon da dokinsa ya tsaya.

Shi yana wajen wuta. An haƙa murhu a ƙasa mai dogon baki, an ɗora faffaɗan kasko na ƙarfe, ruwan na tafasa yana tumbatsa. Yana riƙe da ludayi mai dogon hannu yana kwashe kumfa mai datti yana watsarwa gefe. A kusa da shi an jera 'yan kwanoni a ƙasa, wasu an zuba an bari su sha iska, wasu an riga an kife, curin mazarƙwaila ja-ja sun fito da siffar kwanon.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba."

"Wa alaikumus salam. Maraba, Malam. Sannunku da hanya. Ku matso wajen wuta, yau sanyin da gaske yake."

Bayan an gaisa an tambayi iyali, aka ɓantaro mana mazarƙwaila mai ɗumi, yaron ya gyara murya ya faɗi abin da ya kawo mu. Sai dai ya yi kuskure a kalma ɗaya. Ya ce yana roƙon a ba shi buhu guda na wannan sharar.

Dattijon ya dakata da ludayi. "Wace sharar, samari?"

Yaron ya nuna shanyar tuka.

Dattijon bai amsa ba. Ya sunkuya ya rungumo busasshiyar tuka ta jiya daga tarin da ke bayansa, ya tura a bakin murhu. Wuta ta yi wani gurnani ta lashe gindin kaskon. Sannan ya ce, "Ka duba ko'ina a nan, ka ga itace?" Babu ko sanda. "Raken nan shi ke dafa kansa. Ranar da na fara sayen itace, ranar na bar sana'ar nan. In ta ragu mata su ɗiba su yi girki, ɗanyarta shanu su taɓa, tokar kuma ta koma gona. Amma kai baƙo ne kuma ɗalibi, ɗebi. Me za ka yi da ita?"

A nan na ga amfanin karatun yaron, domin bai tsaya kame-kame ba. Ya ce, "Baba, ai ka san yadda ake kunun zaƙi. A dama gasara ta yi kauri, sai a zuba niƙaƙƙen busasshen dankali ko tsiron shinkafa, a rufe a bari ya kwana. Da safe a tarar ya tsinke ya yi zaƙi, alhali ba a sa sukari ba." Dattijon ya ce tabbas. "To abin da ke cikin dankalin nan mai tsinka kunu, akwai ɗan'uwansa mai tsinka tuka."

Sai dai tuka ba gasara ba ce, kuma a nan wahalar take. Gininta kamar soron ƙasa ne. Selulos shi ne azara, kusan kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari na busasshiyar tuka. Akwai wani zaren mai rassa, hemiselulos, wajen kashi ɗaya cikin huɗu, shi ne igiyar da ta ɗaɗɗaure azarar. Sannan lignin, kashi 20 da wani abu, wanda ya lulluɓe su kamar yaɓen makuba, ruwa ba ya ratsa shi. In ka zuba enzayim a kan tuka yadda take, haka zai yi ta lasar bango. Dole a fara rushe soron: a niƙa, a dafa da tururi mai zafin da ya kusa digiri 200 a tukunyar ƙarfe a rufe, a saki murfin farat ɗaya zaren ya tarwatse, ko a jiƙa da ruwan asid mai rauni ko soda. Bayan nan a sanyaya zuwa wajen digiri 50, a daidaita tsaminsa, sannan a zuba enzayim a yi ta juyawa kwana biyu ko uku. Su ma enzayim ɗin ƙungiya ce: wani ya datse carbin a tsakiya, wani ya bi bakin yana ciro 'ya'ya biyu-biyu, na uku ya raba biyun. Abu mai kauri kamar jiƙaƙƙen katifa sai ya koma ruwa-ruwa mai zaƙi. Daga nan a zuba yis, irin na masu burodi, ya ci sukarin ya fitar da itanol da iska. Ko a nan akwai gardama, don sukarin da ke fitowa daga hemiselulos wani iri ne da yis na gargajiya ba ya ci, sai wanda masana suka sauya wa halitta. Ƙarshe a tafasa. Itanol na tashi a digiri 78, kafin ruwa, sai a tare tururinsa a sanyaya, a sake tacewa har ruwan da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, sannan ya cancanci shiga tankin mota.

Dattijon ya saurara har ƙarshe yana kwashe kumfa. Tambayarsa ta farko ita ce wadda na san za ta zo. "Wannan abin da yis ke fitarwa, ba shi ne giya ba?" Yaron ya ce sinadarin ɗaya ne, shi ne kuma sifirit ɗin da ake goge wa mutum hannu da shi kafin allura, da abin wanke hannun da aka yi ta rabawa lokacin korona. Wanda za a sa a mota kuwa tun a masana'anta ake gauraya shi da fetur ko wani abu mai ɗaci don kada ya shawu. Dattijon ya ce, "To, wannan sai malamai." Ni ma na bar ta a nan, ko da yake a raina na ce duk mai niyyar kafa irin wannan masana'anta a ƙasar Hausa, gara ya fara zama da malaman gari kafin ya zauna da banki.

Tambaya ta biyu ce ta fi nauyi. "Dafawar nan da ka lissafa, ta farko da ta ƙarshe, da wace wutar za a yi?" Yaron ya ce da lignin ɗin da ya rage, ana busar da shi a ƙona. "Ni kuma in dafa nawa da me?"

Wannan tambayar ba ta ƙauye kaɗai ba ce. Ita ce ake yi a Barazil, uwar ɗakin wannan harka. Tun 1975, bayan tashin farashin mai na 1973, suka ƙaddamar da shirin Proálcool na yin man mota da ruwan rake. A 2003 suka fito da motocin da ke shan fetur ko itanol ko gaurayensu, kuma fetur ɗin gidan mai na can ya haura kashi ɗaya cikin huɗu itanol ne. Amma mafi yawan wannan daga ruwan rake ne, wanda ba ya bukatar enzayim, yis kawai za a zuba. Tukar kuwa ƙona ta suke a manyan tukwanen tururi, ta juya injinan masana'anta, ta ba da lantarki har a sayar wa gari da ragowar. Abin da dattijon Danja ke yi da hannu, shi suke yi da ƙarfe. Sai a 2014 kamfanin GranBio ya buɗe masana'antar itanol na kara a jihar Alagoas, Raízen ma ya kafa tasa a Piracicaba, sannan a Mayun 2024 ya buɗe wata a Guariba mai iya fitar da lita miliyan 82 a shekara. Dabarar Raízen ita ce jingina sabuwar masana'anta a jikin tsohuwar masana'antar sukari, inda tuka ke tare a wuri ɗaya, ga tururi, ga tankuna, ga ma'aikata.

A wasu ƙasashen kuwa masu irin wannan masana'anta sun sha wuya. A Amurka an buɗe manya uku tsakanin 2014 da 2015 don sarrafa karan masara da makamantansa: ta Abengoa a Kansas, ta POET-DSM da ta DuPont a Iowa. Kafin ƙarshen 2019 babu wadda ke aiki a cikinsu. Ta Crescentino a Italiya, wadda aka buɗe a 2013, masu ita sun karye a 2017. Ta Clariant a Romaniya ta fara a 2022, aka rufe a ƙarshen 2023. Kimiyyar ba ta yi ƙarya ba. Abin da ya kayar da su ya haɗa da tsadar tara kara daga gonaki masu nisa, da tsadar enzayim, da abin da kowace mace mai tankaɗe ta sani: kayan gona ba sa zuwa sai da yashi da tsakuwa, su kuwa suna cinye ƙarfe suna toshe bututu. Indiya ta buɗe tata a Panipat a Agustan 2022 don karan shinkafa, amma can dalilin daban ne, manoma ne ke cinna wa karan wuta a gona hayaƙin ya turnuƙe Delhi.

Ina zaune a kan wani kututture na yi ɗan lissafi a bayan takardar ƙosai. Tan ɗaya na rake yana barin busasshiyar tuka wajen kilo 140. Tan ɗaya na busasshiyar tuka, in komai ya tafi daidai, ya ba da lita 200 da wani abu zuwa 300. Ke nan masana'anta irin ta Guariba tana bukatar abin da ya kai tan 300,000 a shekara, sama da tan 800 kowace rana ta Allah. A ƙaddara injin dattijon nan yana matse tan biyu a yini. Sai an tara irinsa kusan 3,000, suna aiki rani da damina ba hutu, kowa ya ba da tukarsa duka ya koma sayen itace. Su kuwa 'yan watannin rani kawai suke yi. Ga shi kuma lita ɗaya ta itanol ƙarfinta wajen kashi biyu cikin uku ne na litar fetur.

Ina cikin wannan sai hankalina ya kai kan shanyar tuka ta ranar. Ƙudan zuma sun rufe ta, har da zanzaro. Na ɗauki ɗaya na murɗa da hannu, ruwa ya ɗigo mini a tafi, na lasa, zaƙi cau. Ƙaramin inji irin wannan ba ya fitar da abin da ya wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na zaƙin rake, alhali babbar masana'anta, mai matsa sau biyar ko shida tana yayyafa ruwa a tsakani, tana kwashe wajen kashi 95. Wato kafin a kai ga sukarin da ke ɗaure cikin selulos, wanda sai an sayo enzayim da dala an adana a firji a garin da wuta ba ta zama, ga wani sukarin a sake, wanda ba ya bukatar komai sai ƙarfe mai matsi, ana tura shi murhu kullum. Na nuna wa yaron tafin hannuna. Ya yi shiru, sannan ya ce malaminsa ya ce ya wanke tukar sosai kafin ya fara, don kada wannan zaƙin ya ɓata masa lissafi.

Ban ga laifin malamin ba, haka tsarin gwaji yake. Ban kuma raina aikin yaron ba. Ƙasar da ke da gara a kowane gida da tumbin shanu a kowace mahauta bai kamata ta rasa masu neman enzayim nata na kanta ba, kuma daga irin wannan buhun ake farawa. Abin da ke damuna shi ne yadda muke son fara gini daga rufi. Tun 2007 Nijeriya ta fitar da manufar man tsirrai, da burin gauraya itanol kashi 10 cikin ɗari a fetur. Babban tsarin sukari na ƙasa da aka amince da shi a 2012 ya yi alkawarin tan miliyan 1.79 na sukari da lita miliyan 161 na itanol a shekara. Har yau mafi yawan sukarin da muke sha ɗanyensa ake shigowa da shi, galibi daga Barazil, a tace a Legas. Tukarsa tana can inda aka matse shi, tana ba su lantarki. Masana'antun da ke matse rake a gida ba su da yawa: Savannah a Numan, wadda Dangote ya saya, da Sunti kusa da Mokwa da aka buɗe a 2018, sai tsohuwar Bacita ta jihar Kwara, wadda a zamaninta har kamfanin yis da sifirit aka kafa a gefenta. Shi wancan kamfani da baƙin ruwan da ke ragewa bayan an cire farin sukari yake aiki, hanya mafi sauƙi da arha ta samun itanol. A Danja ko wannan baƙin ruwan babu, yana cikin mazarƙwaila, shi ya ba ta launinta da ɗanɗanonta.

Dattijon ya ƙi karɓar kuɗin tuka. Sai muka sayi mazarƙwaila ta tsaraba fiye da yadda muka yi niyya, wanda ina zaton ya fi kuɗin tukar. Ya sa aka danna mana buhu da ƙafa har ya cika, amma da yaron ya ɗaga da hannu ɗaya sai ya tashi kamar buhun audugar matashi. Dattijon ya ce, "Allah ya ba da sa'a, samari. In ka yi man, ka kawo mini in gani. Doki dai ba ya sha."

Muka bi ta Dabai da Kafur. A wannan hanyar yaron ya sauya magana. Ya ce ai ba sai rake ba, ga karan masara da na dawa da totuwa da ɓuntun shinkafa, duk selulos ne, kuma wannan yanki ya fi ko'ina a jihar tara su. Har takanɗa ya ambata, wadda ruwanta ma kai tsaye yis zai ci. Gaskiyarsa ne. Sai na ce ya leƙa ta taga. Kowace gona an ɗaure kara dami-dami an jingine. Harawa na kan rassan itatuwa da rufin ɗakuna inda awaki ba za su kai ba. Ga danga sabuwa ta karan dawa, ga wata mata da dami a ka za ta gida, ga shanu a wata gona suna kiwon abin da ya rage suna biyan mai gona da taki. Wanda aka bari ya ruɓe a ƙasa ma ba a banza ya tafi ba, shi ne ɗan abin da ke riƙe ƙasar da takin zamani ya gagari mai ita. Direba, wanda bai sa mana baki ba tun safe, ya ce bara sai da ya sayi kara da kuɗinsa don tumakin gida.

Mun shiga Malumfashi ana kiran la'asar, sharaɗi ya cika. Garin Galadiman Katsina ne, shi ma tsohon garin auduga. A bakin hanya 'yan bumburutu sun jera galan-galan da kwalabe, fetur na sheƙi a rana. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Duk mai ba da ruwan rani da injin fetur a fadamun da muka ratsa ya san wannan lissafi a jikinsa. Don haka da abokina mai masaukinmu ya ji abin da ke cikin buhu, bai yi dariya ba. Tambaya ya yi ta yi wa yaron har bayan isha'i, ko man zai tayar da injin ban-ruwa, ko zai yi girki a risho. Yaron ya ce duka biyun ana yi a wasu ƙasashe. Abokina ya ce, "To lita nawa za ka samu a wannan buhun?" Yaron ya ɗaga buhun ya kimanta nauyinsa, ya yi lissafi a waya, ya ce in da zai sarrafa shi duka, kuma bai yi kuskure ko ɗaya ba, wataƙila lita biyu.

A zaure muka bar buhun muka kwana. Da asuba sanyi ya tsananta. Muna dawowa daga masallaci yaron ya tsaya cak a bakin ƙofa: an kwance bakin buhun, ya sauka da kusan kamu guda. Daga cikin gida hayaƙi na tashi, da ƙamshin da na gane nan take. Sai ga 'yar autar gidan ta fito da kwanon koko da ƙosai, ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce Inna ta ce a yi wa baƙo godiya, itacen jiya ɗanye ne ya ƙi kamawa, amma wannan abin da ya zo da shi ashana ɗaya ta isa. Ta ce a tambaye shi kuma a ina ake sayarwa.

Yaron ya ɗaure bakin buhun da igiya biyu, ya ɗauke shi ya kai ɗakin da muka kwana, ya turo ƙofa, sannan ya dawo ya zauna shan koko.